Yatsa Ɗaya Ba Lalle

Hanne ba ta da kara, kuma ba ta taɓa yin kamar tana da ita ba. Ni gwaggonta ce, uwa ɗaya uba ɗaya da mahaifinta, saboda haka na san abin da nake faɗa. In kika tsaya kina jero mata gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, yaya yara, za ta amsa biyun farko, a ta uku ta kalli ƙasa ta ce, "Yaushe ƙafarki ta fara kumbura?" Ta yi wa matar liman haka a gidan biki, a gaban mata. Matar ta yi wata biyu ba ta kula ta, daga baya ta je asibiti aka samu hawan jini. Har yau ba ta gode ba, Hanne ma ba ta jira godiyar ba.

Mu kuwa gidan shanu muka fito. Kakanninmu sun ajiye sanda sun kama fartanya a Balan, amma ba su ajiye kunya ba. A gidanmu mutum ya gwammace ya wuni da yunwa da ya ce a zuba masa. Hanne kaɗai ta fito daban.

Mahaifinta Datti yana da ragowar shanu bakwai, ita ce ke binsa garke tun tana ƙarama. Shi ba ya yawan magana. Zai kama kunnen maraƙi ya ji ɗuminsa, ya ɗaga leɓensa ya duba launin dasashi, ya tsaya yana kallon yadda haƙarƙari ke hawa da sauka, sannan ya ce wannan a ware shi. Abin da ta gada a wurinsa ke nan, don shanun kam, fari ya cinye su. Ya rasu tana aji shida. Ƙaninmu Inuwa ya ɗauke ta zuwa gidansa a Ajingi, shi ya tsaya sai ta yi sakandare, shi ya ɗaura akwatinta a bayan babur ya kai ta makaranta. Duk abin da Hanne ta zama, da hannun Baffanta Inuwa a ciki. A riƙe wannan, don zai dawo.

Da ta gama makarantar koyon jinya aka turo ta Gaya, ta yi shekara tara. Kayan aikinta a lokacin ba su wuce agogon da take maƙalawa a ƙirji, da abin gwada zafin jiki, da abin awon jini mai famfo ba. Sauran aikin ido ne da hannu. Daga nan ta tafi ƙarin karatu, aka mai da ita wani babban asibiti a Kano, sashen da ake kwantar da waɗanda ciwo ya kai su gargara. Ma'aikata suna ce masa Aisiyu. Mutanenmu suna cewa ɗakin da ba a shiga.

Gado shida ne a ɗakin. Saman kowane gado akwai allo mai layuka suna tafiya, da lambobi suna canzawa. Akwai injin da ke yi wa mutum numfashi ta bututun roba da aka zura masa a maƙogwaro. Akwai famfon da ke ɗiga magani a jijiya, ba ya gajiya ba ya mantuwa. Sannan akwai wani ɗan abu kamar maƙalin shanyar wanki, mai jar fitila a ciki, ana matse shi a yatsa. Hasken ne ke ratsa yatsan ya gaya wa allo yawan iskar da ke cikin jini. In wani abu ya kauce, na'ura ta kama ƙara.

Hanne ba ta cikin tsofaffin ma'aikatan da ke ƙorafin zamani. Ta koyi kwamfuta tana da shekara arba'in da ɗoriya, da yatsa biyu, 'ya'yanta suna mata dariya. Ta taɓa ce min, "Gwaggo, mutanen da na rufe wa ido a Gaya, da akwai injin nan da rabinsu yanzu suna gona." Abin da ke damunta ɗaya ne. Ta ce, "Yaran yanzu in sun shigo, allo suke gaisarwa. Mai ciwon yana kwance ba wanda ya ce masa sannu."

Na ce, "Ke da ba kya gaida kowa?"

Ta ce, "Ina gaida wanda ba zai iya amsawa ba."

Ta kuma ce ƙarar na'urorin ba ta yankewa tun safe har yamma, yawancinta kuma ba komai ba ne, mai ciwo ne ya motsa, ko maƙalin ya zame. Kunne yakan saba, kamar mutanen gidan da ke jikin injin niƙa, da ba sa jin sa sai ya tsaya. Shi ya sa ta kafa wa kanta doka, ta kuma ɗora wa duk wadda ke ƙarƙashinta: in kin iso gado, taɓa mutum tukuna, sannan ki ɗaga kai ki kalli allo.

Bara waccan, lokacin cirar gyaɗa, Muhsina ta haihu. Matar Ja'afar ce, ɗan autan Inuwa, haihuwar fari, mace, lafiya lau. Rana ta biyar aka kira Amarya mai lalle don shirin suna. Amarya ta haura sittin, sunan ne ya bi ta tun zuwanta Ajingi. Ta yi suna wajen baƙin lalle, tana haɗa shi da rinin gashi, in ta yi miki sai ya kai wata yana sheƙi. Ta tsoma yatsun Muhsina goma har gaɓa biyu, farce da tsoka, ta koma na ƙafa ta yi musu haka. Tana cikin yi Muhsina ta ce kanta yana sarawa, tana ganin walƙiya a idonta. Mata suka ce gajiyar haihuwa ce da wankan jego. Ina wurin. Ni ma na ce gajiya ce.

Washegari da hantsi ta faɗi tana jijjiga. Aka sa ta a mota zuwa Gaya, suka yi mata allurai, jijjigar ta lafa, amma amai ya riga ya shiga huhunta, numfashi ya lalace. Suka ce Kano. Hanne ba ta gari, an tura ta wani taron ma'aikata a Zariya, ta waya ta nema mata gado. Da la'asar aka shiga da Muhsina ɗakin da ba a shiga, aka ɗora ta a injin numfashi. Ni da Ja'afar muka shimfiɗa tabarma a baranda. Likita ya fito ya gaya mana ba ɓoye-ɓoye, ya ce tana iya tashi, tana iya tafiya, kwana biyun nan ne za su nuna.

Abin da ya faru a ciki kafin Hanne ta iso, Adama ce ta ba ni labari da bakinta daga baya. Adama nas ce, shekararta ɗaya a sashen, yarinya mai kaifin kai, ta fi Hanne sanin lungu da saƙon na'urorin. Tun da aka maƙala wa Muhsina abin yatsa allon ya rikice. Ya nuna saba'in, ya nuna casa'in da biyar, ya ɗauke gaba ɗaya, yana ta ƙara. Aka canza yatsa, aka koma ƙafa, duk baƙi ne. Aka goge da sifirit, lallen Amarya bai ko dusashe ba. Likita ya ɗebi jini aka gwada, ya ce iskar jininta ba laifi, baƙin lallen ne ke tare hasken. Akwai irin maƙalin da ake sawa a kunne, amma guda ɗaya ne a sashen, yana jikin wani mutum da wuta ta cinye wa hannuwa. Da Adama ta karɓi aiki da safe, wadda ta sauka ta ce mata, "Gado na huɗu, kada ƙarar ta dame ki, lalle ne."

Ranar ce rana ta bakwai. Maza suka raɗa suna bayan asuba a Ajingi, suka cika ƙaramar bas, maza da mata, mutum goma sha shida, suka taho dubiya. Sun bar gyaɗa a cire a gona, ga hadari yana haɗuwa, wanda ya san noma ya san abin da suka bari. Sun zo da fulas uku na kunun kanwa da gorar rubutu. Inuwa ne a gaba, da babbar rigarsa ta Juma'a. Ya zo ne ya gaya wa surukarsa sunan 'yarta a kunne, don a ganinsa bai kamata gari ya san sunan uwa ba ta sani ba. Mai gadi ya tare su a ƙofa. Ana cikin ja-in-ja sai ga Hanne da jakarta, daga tasha ko gida ba ta biya ba.

Wani ya ce, "Alhamdu lillahi, ga tamu ta zo."

Aka ba Inuwa benci ya zauna, ta durƙusa a gabansa. Ya fara. Kin zo lafiya, yaya hanya, yaya maigidan. Ta amsa. Ya ce, "Yaya yara?" Daidai nan mai shara ta turo ƙofa ta fito da bokiti, ƙarar ɗakin ta biyo ta waje. Na ga Hanne ta ɗaga kai. Inuwa ya ci gaba, "Mun zo ne mu ga yarinyar nan, in gaya mata..."

Ta miƙe. Ta jefa min jakarta a cinya, ta ratsa mutane. Inuwa ya ɗauka hanya take buɗe masa, ya tashi ya bi ta har bakin ƙofa. Ta juyo ta ce, "Baffa, koma ka zauna. Ba mai shiga." Ta rufe ƙofar a fuskarsa, a gaban 'ya'yansa, a gaban surukansa.

Akwai ɗan gilashi a jikin ƙofar, ni ce mafi kusa, na leƙa. Adama tana tsaye a gefen gadon tana shigar da lambobi a kwamfuta, ta miƙa hannu ta danna abin da ke kashe ƙara, ko waiwayowa ba ta yi ba. Hanne ta watsa ruwan wanke hannu, ta zura safar roba tana tafiya. Ba ta kalli allo ba. Ta ja leɓen Muhsina na ƙasa ta duba, kamar yadda Datti ke yi wa maraƙi. Ta ɗora tafin hannu a ƙirjinta. Sai ta cire bututun daga injin, ta haɗa shi da wata jakar roba da ake matsawa da hannu, ta matsa. Ta ce daga baya kamar goruba take matsawa. Na ga bakinta ya motsa, na ga Adama ta saki kwamfuta ta ja injin zuƙe majina, wata nas ta fita da gudu neman likita. Suka zura siririyar roba cikin bututun suka zuƙa, suka sake, suka sake. A na uku wani dunƙulen majina mai kauri da jini ya fito, bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba. Hanne ta sake matsa jakar. Daga inda nake na ga ƙirjin yarinyar ya ɗaga.

Duka abin bai kai tsawon sallar raka'a biyu ba. Likita ya iso an gama. Ya ce bututun ne ya toshe, da an ƙara 'yan mintuna, ko ta rayu ba za ta sake gane 'yarta ba.

Na tambayi Hanne yadda ta sani tun daga baranda. Ta ce, "Ƙara biyu na ji, Gwaggo, ba ɗaya ba. Na allo da na injin numfashi. Lalle ba ya sa injin numfashi kuka."

Ta tafi sashen yara da kanta ta aro abin gwajinsu mai naɗewa, ta cire ɗan kunnen Muhsina ta naɗa mata a kunne. Lambar ta tsaya cak. Sannan ta juya kan Adama.

"Nawa allo ya nuna lokacin da na shigo?"

"Sittin da takwas, Sista. Amma an ce min lalle ne."

"Ke me kika gani?"

Adama ta ce, "Ban duba ba."

"To shi ke nan. Jiya na'urar ta yi ƙarya, yau ta faɗi gaskiya, da murya ɗaya. Ba za ki bambance ba sai kin taɓa mutum. Je ki wanke fuskarki ki dawo, gadon naki ne har yanzu."

Ta rubuta rahoto ba ta rage komai ba, amma ba Adama kaɗai ta sa a ciki ba. Ta sa wadda ta miƙa mata aiki, ta sa maƙalin kunne guda ɗaya ga gado shida, ta sa nas ɗaya a kan marasa lafiya uku. Ta bi manyan asibitin ofis-ofis wata huɗu har aka kawo maƙalan. Na ji an ce wani babba yana ganinta sai ya canza hanya.

Da ta fito ranar, Inuwa ya koma cikin bas ya zauna. Ta je bakin taga.

Ya ce, "Ni kika rufe wa ƙofa."

"Ni ce, Baffa. In an sake zan sake."

Ya kau da kai. Ta ce, "Wane suna aka sa?" Ja'afar ne ya amsa daga bayanta, a hankali, "Halima Sadiya, Yaya." Ta ce kunun su shanye abinsu, sun sha hanya, mai bututu a maƙogwaro ba ta haɗiya. Ta karɓi gorar rubutun ta ce ba za a ba ta ta sha ba, amma za ta shafa mata a goshi da hannunta. Ta ce wanda ke son ganinta ya kira wayar sashen, za a nuna masa ita a hoto mai motsi. Mahaifiyar Muhsina ta karɓi wayar Ja'afar ta kalli 'yarta tana addu'a, sauran mata suka taru a kafaɗarta. Inuwa bai kalla ba.

Na shiga bas ɗin na zauna kusa da shi. Na ce, "Da ta tsaya ta gama gaishe ka, da yanzu likkafani muke nema."

Ya ce, "Yaya, ban ce ba ta yi aiki ba. Cewa na yi ba ta da kunya."

Na ce, "Duka biyun gaskiya ne."

Hanne ta koma ciki ta sunkuya ta faɗa wa Muhsina sunan a kunnen da ba a naɗe ba. Bayan Muhsina ta warke na tambaye ta ko ta ji, ta ce ba ta tuna komai, sai ƙishirwa. Na gaya wa Hanne. Ta ce ba don ta tuna aka faɗa mata ba.

Kwana biyar Muhsina ta yi a kan injin, goma sha shida a asibiti. Ta koma Ajingi da ƙafarta, lallen bai gama fita ba. Ruwa ya taɓa gyaɗar da aka bari, an yi asarar wani abu, ba wanda ya yi zancen. Inuwa kuwa bai ɗauki wayar Hanne ba ko sau ɗaya, ita ma bayan kira biyu ta daina.

Taron mata da ba a yi ba ranar suna, aka mai da shi ranar arba'in. Hanne ta zo da azahar a adaidaita daga bakin titi. Inuwa yana zaure da dattawa. Ba yadda za ta shiga gidan sai ta gabansa. Ta cire takalmi ta durƙusa. Ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, "Rannan muna cikin gaisuwa kika tashi. A yara muka tsaya. Yaya yara?"

"Lafiya lau, Baffa."

"Yaya aiki?"

"Da godiya. Baffa, ƙafarka ta kumbura."

Ya ja ƙafar ya cusa ƙarƙashin riga. Dattawa suka sa dariya, shi ma bai iya riƙewa ba. Ya ce, "Tashi ki shiga, Allah ya shirye ki." Sati na gaba ya je Gaya aka auna shi.

Ban taɓa gaya wa Hanne ina alfahari da ita ba. In na fara za ta ce in fito da harshena ta gani. Saura shekara uku ta ajiye aiki, Adama ce ke koya wa sababbin shiga yanzu, an ce ita ma ta fara rashin kara.

A cikin gida ranar arba'in ɗin mata sun cika tsakar gida, Muhsina tana zaune da jaririyar a cinya. Amarya tana gefe da kwanon lallenta, ba wadda ta miƙa mata hannu tun safe, don zance ya zaga gari. Tana ganin Hanne ta ce, "Sista, an ce lallena ne ya kusa kashe yarinya. Shekara talatin ina yi ban kashe kowa ba."

Hanne ta ce, "Ba lallenki ba ne, Inna Amarya. Ciwon kan da aka ce gajiya ce, shi ne. Lallenki ido ya rufe mana."

"To in daina sana'ata?"

"Wa ya ce ki daina? Ni ma yi min." Ta zauna a tabarma ta miƙa hannun dama, ta lanƙwashe manuni cikin tafin hannu ta bar sauran huɗun. Amarya ta kalli hannun ta ce, "A fita da hannu haka a ce ban iya ba?"

"A ce ni na hana."

Sannan ta ɗaga murya yadda na bakin madafi za su ji, ba sallama ba gabatarwa, kamar yadda ta saba.

"Abu biyu nake roƙonku. Mai ciki ko mai jego in ta ce kanta yana sarawa, kada wadda ta sake ce mata gajiya ce, a kai ta a auna ta a ranar. Lalle kuwa ku sha abinku, ja ko baƙi. Amma daga ciki wata bakwai har a yi arba'in, ku bar min yatsa ɗaya."